Miyar Gwaggo ba man shanu

Gwaggo ta ture akushin da bayan hannu, a hankali, har ya taɓa ƙafar surukata. Tuwon dawa ne da miyar kuka, naman ragon suna a kai, man shanu yana narkewa yana gangarowa gefe. Ta ce a yi haƙuri a zuba mata wani ba man. Ɗakin cike yake da matan suna, ni ina kan gado da jaririyata, sai na ji hira ta ɗauke.

Surukata ta ce, "Yaya, yau ma? A gaban mutane?"

Wata tsohuwa daga Runka, wadda ba a tambaye ta ba, ta ce ai ta daɗe tana jin labari, abin Yahudawa ne matar nan ta kwaso.

Haƙorana sun zube, sunayen jikokina ma ruɗe mini suke yi, amma wannan rana tana nan daram. Shi ya sa da aka koya mini riƙe alƙalami da furfurata, ita na fara zaɓa.

Gwaggon nan yayar mahaifin maigidana ce. Tana yarinya mahara suka ɗauke ta a bayan garin Zakka, aka yi ta sayar da ita har ta ƙetare hamada. Ta tsufa a Tarabulus, ta samu 'yancinta, ta biyo ayarin fatake ta dawo. Da tsagar fuskarta aka gane ta. Uwarta ta rasu, ƙanenta ya rasu, sai matarsa, wato surukata, da ɗansa maigidana. A bakin ƙofa ta faɗa musu ba gado ta zo nema ba, so take idan ta mutu a yi mata salla a kwantar da ita kusa da uwarta. Lokacin ba wanda ya taɓa ganin Nasara a wajenmu, balle Bayahude. Suna ne kawai muke ji a bakin malamai.

Kafin a share gidan suna magana ta zaga gari. Aka ce a Tarabulus ta bar addini, sallar da take yi ta ganin ido ce. Wasu maza suka je wa maigidana suka ce ya sani tun yanzu, ranar da ta faɗi ba za su tsaya a kan gawarta ba. Surukata ba muguwa ba ce, tsoron bakin mutane ne da ita, amma ita ma ta fara cewa ko a nema wa Yaya wani wuri.

Ni kuwa abin da ya dame ni daban. Gwaggo ce ke yi mini wankan jego, safe da yamma. Ni tun ina ƙarama ba na iya haɗiye tambaya. Ina zaune a kan turmi tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa, na ce mata me man shanu ya yi mata?

Ta ce a gidan Yahudawa ta yi girki shekaru masu yawa. A littafinsu, wanda suke cewa na Annabi Musa ne, akwai wurin da aka hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Saboda haka ba sa haɗa nama da nono, ko mansa. Tukunyar nama daban, ta nono daban, ludayi ma kowanne da nasa.

Na ce to wannan rago ne, man kuma na saniya. Yaushe saniya ta haifi rago?

Ta yi dariya har ta ajiye ganyen. Ta ce ita ma haka ta tambayi uwargijiyarta. Amsar da aka ba ta, malamansu sun ce idan aka hana ka faɗawa rijiya, gara a kewaye ta da shinge tun daga nesa. Nono ya fito daga kasuwa, wa ya san uwar wa aka tatsa? Sai suka hana duka, har kaza.

Na ce, "Kaza? Ina kaza ta ga nono?"

Ta ce ai mazansu sun fi ni gardama a kai. Sai su zauna su buɗe littafi, a kan jimla guda su wuni, wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a, murya ta tashi kamar za a yi dambe, sannan su tashi suna fara'a su ci abinci tare. Daga baya ta yi aiki a gidan wani Nasara ɗan kasuwa. Ta ce littafin nan dai yana cikin nasu, suna karanta shi, amma ranar farko aka miƙa mata nama da man shanu aka ce ta soya. Da ta yi turus, matar gidan ta ce wannan doka ta mutanen da ce, Annabi Isa ya sauke musu ita, kuma abin da ake nufi tun asali kada mutum ya zama mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Unguwa ɗaya ce ta raba gidajen biyu.

Na kwana biyu ina juya abin. Magana ɗaya, waɗannan sun mai da ita tukwane biyu, waɗancan sun mai da ita wa'azi. Na ce to ke Gwaggo, da kika baro su duka, me ya hana ki ci? Sai ta watso mini ruwan zafi a baya ta ce in daina motsi.

Maigidana ya rasa yadda zai yi, ya je ya kira liman. Bayan la'asar ya zo ya zauna a zaure, aka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma daga ciki. Ni da surukata muka laɓe a bayan zana. Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa ta yi kalmar shahada, ta yi. Ya tambaye ta ko tana cewa nama da man shanu haramun ne. Ta ce Allah ya tsare ta, ita ce ma ke kaɗa man gidan. Ya ce ta faɗa masa yadda abin yake, ta maimaita abin da ta faɗa mini. Ta iso kan kaza, sai na ji liman ya gyara zama ya ce, ina kaza ta ga nono? Na toshe bakina da zane.

Ya yi ta tambaya kamar yaro, yadda suke karatu, wa ke yanke hukunci idan malamansu sun saɓa. Can ya tuna abin da ya kawo shi, ya ce to Baba, ke me ya hana ki?

Gwaggo ta ce, "Malam, a hannun uwata aka fizge ni, da guntun zanenta a hannuna. Ƙasar can duka ba wanda ya taɓa tambayata ko ina da uwa. Ranar da aka faɗa mini wannan doka ina tsaye a bakin murhu, sai na ji ashe akwai inda aka tuna da uwar ɗan akuya. Tun ranar maƙogwarona ya ƙi. Ba nasu ba ne, Malam. Nawa ne."

Na ji surukata ta zauna a ƙasa.

Liman ya ce Manzon Allah ma an kawo masa damo bai ci ba, bai kuma hana kowa ci ba. Ya ce wa maigidana ya gaya wa mazan nan, shi zai yi wa matar nan salla idan ta riga shi rasuwa, wanda ba ya so ya zauna a gidansa. Da zai tashi ya ce zai dawo wata rana, akwai sauran abin da bai gane ba a kan Nasaran nan. Ya kuwa dawo, ba sau ɗaya ba.

Da damina ta zagayo Gwaggo ta kwanta, ba ta tashi ba. Sahun sallarta ya kai bakin hanyar Batsari, har da waɗanda suka ce ba za su tsaya a kan gawarta ba. Aka kwantar da ita inda ta roƙa.

Ranar sadakar uku surukata ce kan tukunya, ni ina jera akusa. Ta zuba miya, ta sa nama, ta jawo ƙwaryar man shanu ta buɗe. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta mayar da faifai ta rufe, ta ce in ɗauka in kai zaure haka nan.