Ruwan Lahadi da Akwatin Gem

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, injinan ban ruwa da yawa a wajenmu suka koma ɗaki aka lulluɓe su da buhu. Nawa ma yana ciki. Duk muka dawo dogaro da ruwan kanal, kowa da ranarsa da lokacinsa. Gonata tana can ƙarshen layi, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye. Idan rabonka ya wuce, sai ka jira ya zagayo.

Maƙwabcina a gona wani dattijo ne Kirista, mutumin Filato, ya fi shekara ashirin a garinmu. Baba nake ce masa. Akwai wata al'ada tsakaninmu wadda ba mu taɓa zama mun tsara ta ba. Idan ruwa ya faɗo ranar Juma'a, shi yake riƙe mini in tafi masallaci. Idan ya faɗo Lahadi da safe, ni nake riƙe masa ya tafi coci. Riƙon ruwa ba aikin ƙarfi ba ne. Ka buɗe bakin fangali, wato ɗan filin shuka da aka kewaye da laka, da fartanya, ka tsaya kana kallo har ruwa ya kai ƙarshe, ka toshe da laka, ka buɗe na gaba. Ido kawai ake so. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ba wanda ya taɓa dawowa ya tarar da ɓarna.

A shekarar ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai. Bayan la'asar muke zama a firamaren garinmu, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malaminmu ya ce duk inda muka ga rubutu mu tsaya mu karanta, ko a jikin buhun taki ne, ko a bayan mota. Na riƙe maganar da gaske, har Baba ya koma kirana ɗalibi.

Wata ranar kasuwar Bunkure na je sayen igiya, sai na tsaya a teburin wani mai kayan waya ina haɗa baƙaƙen da ke jikin wani kwali. Ya lura da bakina yana motsi. Ya buɗe kwalin ya zaro wani ɗan akwatin roba, bai kai tafin hannuna ba, da gilashi a sama da madannai a ƙasa.

"Alhaji, ga abin da ya dace da kai."

"Ban je Makka ba tukuna."

"Za ka je. Gem dubu goma ne a cikin nan, duk na da, irin na zamaninku."

"Na yi maka kama da mai buga gem?"

"Kowa mai buga gem ne, Alhaji, hali ne babu. Kuma duba nan, duk rubutu ne. Mai koyon karatu ai ya samu allo."

Ba maganar allon ce ta kama ni ba, ko da yake ita na riƙe. Lokacin da nake saurayi akwai wani shago a Kura mai talabijin da gem. Yaran gari suna ciki suna dannawa, mu 'yan ƙauye muna leƙe ta taga da kwandon tumatir a ka. Ko sau ɗaya ban taɓa riƙe abin ba. Da mai teburin ya kunna, sautin da na ji shi ne na wancan shagon. Na saya, igiyar ma na manta da ita. A gida na ce wa mai ɗakina na karatu ne. Ta kalli abin, ta kalle ni, ta ce, "Allah Ya ba da ilimi mai amfani, Malam."

Kayan banza ne, tun makon farko na gane. Ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da aka cinye kifin ciki. Idan ya yi zafi sai ya riƙa warin ƙonanniyar roba, warin ya zauna a hannu har wajen cin tuwo. Madanni ɗaya yana maƙalewa, sai na sa tsinke na ɗago shi. Dubu goman nan kuwa ƙarya ce. Ni mutum ne mai haƙuri, na zauna na bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya ina haɗa baƙi, kuma iyakar karatun da na samu a jikinsa ke nan. Wasa ɗaya ne ake sake masa suna sau ashirin. Wasu rubutunsu ba irin namu ba ne, kamar sawun kaji. Wasu idan ka danna sai gilashin ya yi baƙi ya tsaya.

Amma akwai guda ɗaya da ya riƙe ni. Tubala ne suke faɗowa daga sama, kai kuma ka juya su ka jera, idan layi ya cika sai ya ɓace. Babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Kiɗansa kamar kukan sauro. Ina jin haushinsa ina dannawa. Har ta kai idan na rufe ido tubalan nake gani suna saukowa, kuma abin kunya, har a cikin salla. Sau uku na ƙi zuwa aji, na ce aiki ya yi mini yawa.

A lokacin Baba yana da renon albasa fangali tara. Kwanansu ashirin da ɗaya, sirara kamar gashi. Irin kuwa ba na kasuwa ba ne, nasa ne, shi yake zaɓen manyan albasa duk shekara ya bar su su yi fure. Ruwa ya faɗo Lahadi. Ya biyo ta gona a kan kekensa, da farar rigarsa mai guga, bai sauka ba don kada laka ta taɓa shi.

"Ɗalibi, a hankali za ka sakar musu, jarirai ne. Rabin baki kawai."

"Baba, yau na fara?"

"Na san ka. Zan sa ka a addu'a, ko Allah Ya sa ka ci jarrabawa."

"Haɗa mini da tumatir ya yi daraja."

Ya yi dariya ya tafi.

Fangali biyu na farko na shayar da su yadda ya ce. Da na zo na uku, ruwan ya ragu ƙwarai, yana tafiya kamar ba ya so, domin na sama da mu suna sha. Na ƙara buɗe bakin don ya samu shiga. Na duba na ga zai ɗauki lokaci. Akwatin yana aljihuna. Na zauna a gindin darbejiyar da ke kan iyaka, na ce sau ɗaya kawai.

Duk wanda ya yi noman rani a ƙarshen layi ya san abin da ke faruwa idan na sama ya gama ya toshe nasa. Ruwan gaba ɗaya yake gangarowa, lokaci guda. Saboda wannan ne ake tsayuwa a kansa. Na san haka tun ban kai tsawon fartanya ba. Amma ranar tubalan suna ta jeruwa, na kai inda ban taɓa kaiwa ba, kuma na cusa kai ƙasa. Ban ji komai ba sai da sanyi ya taɓa mini wando, na ga takalmina ɗaya yana yawo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne, kafin in miƙe sai da na danna wurin tsayarwa, don kada wasan ya lalace.

Ruwan ya riga ya fasa bakin da na buɗe, ya rushe lakar da ke tsakanin fangalan, ya bi ta kansu har ƙarshe. Na toshe da hannu da ƙafa. Da ya janye, sai ga tsiron a tare a lungu guda, cakuɗe da taɓo, kamar gashin da aka share a shagon aski. Na durƙusa ina tsinta ina mayarwa da yatsa. Duk wanda na kama sai ya tsinke.

A haka Baba ya same ni. Ya jingine keken, ya shiga cikin lakar da takalminsa na coci, ya bi fangalan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo gare ni.

"Barci ne ya ɗauke ka?"

"A'a, Baba."

"Ciki ne ya murɗa maka?"

Ƙofa biyu ya buɗe mini, ko wacce na bi zai karɓa. Na ciro akwatin na miƙa masa. Da ya kama, yatsansa ya danna wani wuri, kiɗan sauron ya tashi a tsakiyar gona. Ya juya shi gaba da baya.

"Jikana yana da irinsa. Uwarsa ta ƙwace." Ya miƙo mini. "To ka ci, ko shi ma asara aka yi?"

"Zan sayo maka iri gobe."

"Na kasuwa? Shekara huɗu ina zaɓen wannan." Ya sunkuya ya fara naɗe ƙafar wandonsa. "Jeka gida, Malam. Rana ta yi."

Na sayo irin, muka sake shukawa tare, rabi ya fito. Juma'ar da ruwa ya faɗo, ya riƙe mini kamar kullum, na dawo daga masallaci na tarar da tumatirina ya sha daidai. Da Lahadinsa ta zagayo na yi sammako da fartanyata, ba komai a aljihuna. Na same shi a bakin fangali da kayan aiki.

"Baba, yau ba coci?"

"Allah yana nan ma," in ji shi, bai ɗago ba.

Bai sake ba ni ruwansa ba. Akwatin kuwa a mako na biyar batirinsa ya kumbura, bayan ya tsage, mai teburin ya ce irin wannan kaya ba a mayarwa.

Fangali bakwai cikin tara suka tafi, da irin shekara huɗu. Dashen Baba ya makara da mako uku, albasarsa ta fito lokacin da kasuwa ta cika. Ni na rasa darasi uku. Shi ya rasa coci Lahadi shida a ranin nan.