Ranar da Sarkin Fawa Ya Ƙi Cewa Mushe

Jiya ina gyangyaɗi a taron kwamitin lakol da malamai, a ƙauyenmu na bayan Gazawa, sai Isufu mai koyar da ajin ƙarshe ya ajiye takarda bisa tebur. Canjin wuri yake nema, ga jarrabawar yara saura wata biyu.

Ni tsohon malami ne da aka sa a kwamitin don cika benci. Shugabanmu kuwa Alhaji Sarkin Fawa ne.

Isufu ya ce, "Alhaji, kowa Mushe Isufu yake ce mini, yadda ake girmama kowane malamin lakol da Faransanci. Kai kaɗai kake kirana Isufu gatsau, a gaban ɗalibaina. In shugaba ya raina ni, wa zai girmama ni?"

Alhaji ya riƙe baki. "Subhanallahi! Ɗana, ni mahauci ne. Dabbar da ta mutu ba yanka nake kira mushe, in ja ta bayan gari. Yaya zan laƙaba wa mai koya wa jikata karatu wannan suna?"

"To ka ce Malam mana."

"Ai na ɗauka ku masu Faransanci kun fi ƙarfinsa."

Dariya ta hana daraktan lakol magana. Isufu ya ninke takardarsa, ya mayar aljihu.

Ni shekara talatin ana kirana Mushe ina washe baki. Sai da na ajiye alli na gane manyanmu na buro, masu zama ofis, in sun ce mana Mushe fassarar Alhaji suke nufi.

Ku a lakol ɗinku, kwamiti ya taɓa tambayar malamai sunan da suke so?