Ƙullutun Ɓaure da Idon Babana

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumi, shekarar da na shiga aji huɗu, wani mai amalanken jaki ya sauke ƙullutun ɓaure a ƙofar gidanmu da ke wani lungu a bayan unguwar Abdin ta Alƙahira, irin kumburin nan da ke fitowa a gindin tsohuwar bishiya. Girmansa ya kai tulu. Baba ya yanki gefensa da zarto, ya tofa yawu ya murza da babban yatsa, sai ga zane ya fito kamar an zuba madara a shayi ba a juya ba. Ya kai shi dab da idonsa na dama, ya daɗe yana kallo. Na hagun tun a Sudan ciwo ya cinye shi, saboda haka duk abin da muke ci a gidan, da wannan ido ɗaya ake nemo shi.

Mu jikokin masassaƙa ne da suka taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, tafiya ta tsaya musu a Sudan. Kakana turmi da akushi yake sassaƙawa. A Alƙahira babu mai neman turminmu, sai Baba ya koma yin sandunan bilyardo, wasan da yara yanzu ke kira sunuka, yana kai wa gidajen wasa na Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ɗakinmu ɗaya, rabinsa wurin aiki ne. Da safe in ɗauko burodi a kai, in share ɓawon itace Inna ta hura gawayi da shi, sannan in ruga makaranta. Da yamma mu da 'ya'yan maƙwabta mu kwashi guntayen sanduna muna buga ƙwallayen dabino a kan dakali.

Wani mai gidan wasa ne ya nemi sanda wadda babu irinta, shi ya sa Baba ya nemo ƙullutun don ya yi gindin sandar. Ya binne shi cikin garin katako wata da watanni, yana shafa masa mai kamar yadda ake yi wa akushi. Maƙwabcinmu Usta Fahmi, mai injin juya itace na lantarki, ya zo ya danna farce a jiki, farcen ya shige. Ya ce itacen taushi gare shi, jijiyarsa kuma a murɗe take, sai an huda tsakiyarsa an zura masa zan, itacen da Misirawa ke yin ƙafar kujera da shi. Baba ya yi dariya. A gidanmu haɗa itace da itace aikin kafinta ne; masassaƙi daga guda ɗaya yake fitar da abinsa, in ya yi haɗi ya zubar da girman iyayensa. "Ya Usta, ubana bai taɓa yi wa itace ciko ba," in ji shi. Inna kuwa cewa ta yi, "Malam, ido ɗaya fa ya rage maka, kuma injin nan ba ya jin bari."

Abin da Baba ya sani gaskiya ne, amma a kan akushi. Murɗaɗɗiyar jijiya tana hana kwano tsagewa, sai dai in an sirantar da ita an miƙe, ba ta da abin riƙo. Bayan babbar sallah ya ɗora itacen a injin Usta Fahmi. Da ya kusa kauri irin na rake, ya sunkuya sosai don ya ga zanen, kamar yadda ya saba, itacen ya tarwatse, tsinke ya shige masa idon dama. Na dawo daga makaranta na tarar da mata cike da lungu, rawanin Baba jiƙe da jini a kan dakali, Usta Fahmi zaune a ƙasa yana ta cewa "ma'alish, ma'alish," wato a yi haƙuri, ba da kowa ba. Likita ya ciro tsinken, amma gani bai dawo ba. Kafin shekara ta zagayo mun koma Omdurman ta Sudan wurin kawuna, Baba na riƙe da kafaɗata a tashar jirgin ƙasa.

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe. A Manila na ga masu wannan sana'a suna huda ƙullutu su zura masa ƙaƙƙarfan itace, a Jamus har jiƙa shi suke yi da ruwan danƙo ya taurare kamar dutse, kowa da gilashi a fuska, kuma babu wanda ke jin an rage masa daraja. Bara na shiga wani gidan wasa a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, ɗalibai 'yan Kano suna ta "yalla, buga mana," da sandunan kamfani masu zanen fenti, ba wanda ya san wa ya yi su. Na zauna na sha shayi. Baba ya rayu har na yi aure, yakan shafa fuskata ya ce na yi gemu. Ina ɗan aji huɗu ya yi mini ganin ƙarshe.