Dakta Na'ima Damri, Mai Awon Tsami

Haihuwa da karatu

An haifi Dakta Na'ima a shekarar 1974 a garin Damri ta ƙasar Bakura. Mahaifinta Malam Gajere falken kanwa ne, mahaifiyarta kuwa Inna Taibatu. Ta yi firamare a Damri, sakandare a Talata Mafara, sannan ta wuce jami'a ta karanci ilimin sinadarai, ta kammala a 1998.

Aure da alkawari

A 1999 ta auri Tukur Buba, manomin shinkafa ɗan Maradun, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. A 2009 wata jami'a mai nisa ta kira ta bincike. Suka zauna su biyu a gindin rumbu suka ƙulla magana: shi zai riƙe gida da yara shekara huɗu, ita kuma ranar da ta gama za ta dawo Maradun, dawowa ke nan. Ba shaida, ba takarda.

Aikinta

Gam ɗin da likitoci ke liƙa cikon haƙori da shi yana da tsami, kuma in tsamin bai mutu ba, riƙonsa ba ya daɗewa. Aikin Na'ima shi ne auna garin maganin da ake haɗawa a cikin gam ɗin don ya kashe tsamin: ta jiƙa shi, ta dinga ɗiga masa ruwan tsami ɗigo-ɗigo, tana rubuta nawa ya shanye kafin ya gaza. In 'yan uwa suka tambaya, sai ta ce ai sana'ar babanta ce, yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, ita dai da ma'auni take yin nata.

A 2013, saura wata biyu wa'adi ya cika, ta gano na'urar awonta ta karkace tun shekara biyu baya, kuma ba wanda ya lura sai ita. Ta zo gida ta faɗa wa Tukur, ta ce in ya ce a miƙa wa jami'a aikin haka da kuskurensa, za ta miƙa, tunda alkawarin nasa ne. A lokacin har ya yi wa ɗakinta sabon daɓe. Ya ce shi bai taɓa auna wa mutum shinkafa da mudun da ya san ya lotse ba, don haka ta koma. Da kansa ya kai ta tasha a babur.

Sake awon ya ci shekara uku cur.

Rasuwa

Ta dawo Maradun da daminar 2016, ba ta ƙara kwana a wani gari ba. A watan Sha'aban na 2017 Allah ya karɓi ranta bayan gajeriyar jinya, tana da shekara arba'in da uku. Aka yi mata sutura bayan azahar a maƙabartar garin. Ta bar 'ya'ya uku: Yasir, Hidaya da Mas'ud.

Waɗanda suka ci ribar wannan alkawari su ne ɗalibanta, da suka gaji awon da ba ƙarya a cikinsa. Wanda ya yi asara Tukur ne, ya jira shekara bakwai ya samu wata tara. Sai dai har yau bai yarda a kira ta asara a gabansa ba.