Baban Lambu da Furannin da Suka Ƙi Mutuwa

Kafin marasa lafiya su fara layin katin ganin likita, Baban Lambu ya riga ya durƙusa a bayan ɗakin haihuwa da almakashinsa. Zai rage rassa, ya cire busasshen ganye, ya juye wa saiwa ruwan wanke-wanken da ya roƙo a kicin. Abin da yake reno wasu gajerun itatuwa ne masu kaushin ganye, furensu ja da rawaya, waɗanda cokali ɗaya na ruwa ke isarsu. Hantsi na dubawa, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi sun cika wurin kamar kasuwa.

An yi masa dariya ba kaɗan ba. Hatta ƙaninsa cewa yake yi, namiji da gemu ya ƙare a kiwon fure, miya za a kaɗa da shi? Baba dai ya ci gaba da renon furanninsa.

Shekarar da fari ya ƙafar da rijiyar asibitin, ciyawa ta ƙone ƙurmus, amma itatuwansa suka tsaya da ƙafarsu. A shekarar ce kuma aka turo ɗan kwangila ya tumɓuke su, a zuba siminti don ajiye motoci. Babbar nas shaida ce. Ta ce ta tarar da tsohon zaune daram tsakiyar furanni, leburori sun kewaye shi da diga.

"Baba, ka tashi, umarni aka ba mu," in ji ɗan kwangila.

"Ɗana, matan da ke bayan tagar can ba su da abin kallo sai wannan. In siminti za ku zuba, ku haɗa da ni."

Masu jego suka leƙo ta taga, wata da jaririnta a kafaɗa ta ce a bar musu abinsu. Duk da haka an tumɓuke rabi kafin babbar nas ta samu a dakatar da aikin. Baba bai tsaya kuka ba. Ya tsince rassan da aka yar, ya datsa, ya kafa su jikin katanga, ya raba sauran gida-gida. Yau masu lambun kabewa da ke maƙwabtaka da asibitin sun ce tun da ƙudan zuma suka dawo, yabanyarsu ba ta ƙara zubar da fure a banza ba.

Kai ne dutsen da fari ya lasa ya bari, Baba. Wannan watan kake ajiye aiki, gwiwa ta gaji, kuma babu wanda zai rataya maka lambar yabo. To, su riƙe lambarsu. Mu da aka haifa mana 'ya'ya a bayan tagar nan mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu cewa ba ruwa, ba fili, ku je ku karɓi reshe. Har yanzu yana bayarwa, sai dai zai biyo ku gida ya ga ko kun dasa.