Matar da Ta Bar wa Jirgi Hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye gaban babbar taswirar da ke bangon ofishinmu na tsara birane, wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarki ce. Ta ce, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye wayar a kan tebur, na daɗe ina kallon layukan da ke bangon, don kusan dukkansu hannunki ne ya ja su.

A ofis Yaya Gobe muke kiranki. Da tsokana sunan ya fara, domin duk abin da aka kawo miki, filin kasuwa ne ko izinin gina gidaje, sai kin tambaya, "To goben fa?" Daga baya ya zama sunan girmamawa.

Ban manta ranar da kika fara fita da ni aikin awo ba, ina sabon ma'aikaci, takalmina sai ƙyalli yake. Muka bar gari a baya har kwalta ta ƙare, muka tsaya inda babu komai sai ciyawa da awaki da wata tsohuwar bishiya. Ina cikin kafa na'urar awo, kika daka mini tsawa: "Ƙanena, matsa! A tsakiyar titi kake, mota za ta kwashe ka." Na yi tsalle gefe guda, direbanmu ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai kika ɗaga hannu kina nuna mini: can makaranta, can asibiti, nan mata za su jira mota a inuwa, ta bayan bishiyar nan kuma jirgin ƙasa zai riƙa wucewa da yamma da fitilunsa a kunne, cike da mutanen da iyayensu ma ba su haɗu ba tukuna. Kina magana iska na kaɗa mayafinki, ni kuwa har na fara jin ƙarar jirgin a kunnena.

Ke kika koya mana cewa tazarar gida zuwa asibiti ba da ƙafar saurayi ake auna ta ba, da ƙafar kakarsa ake yi.

Gari ya yi ta cika yana tumbatsa, kamar yadda kika hango. Dogon zirin filin da kika ware wa jirgi, tun daga tsohon gari har bayan bishiyar nan, ya zama abin kwaɗayin masu hannu da shuni, suna so su jera shaguna a kansa. Shugaban hukuma na lokacin ya kira ki, ina tsaye a gefe riƙe da taswira. Ya ce, "Hajiya, jirgin da ko ƙarfensa ba a ƙera ba kike tsare wa hanya?" Kika ce, "Ranka ya daɗe, in muka toshe ta yau, ranar da ya zo gidajen talakawa za a rushe masa. Ba dai da hannuna ba."

Sai aka mayar da ke ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, mai taga ɗaya, can ƙarshen baranda. Mu muka ji zafin abin. Ke kuwa kika share ɗakin, kika ɗora tukunyar fure a tagar. Ranakun hutu kika riƙa bin unguwannin da ke gefen zirin, kina zama da dattawa da direbobi da mata masu sayar da kayan miya, kina faɗa musu abin da filin nan zai zame wa jikokinsu. Suka dasa itatuwa a gefensa. Ranar da aka zo kafa turakun shaguna, aka tarar da su zaune a inuwa, ba hayaniya, ba zagi, kuma ba su tashi ba. Maganar shaguna ta mutu. Lokacin da aka dawo da ke teburinki, furfura ta riga ta cika miki kai.

Har yau jirgin bai zo ba, Yaya. Amma dogayen motocin bas suna bin hanyar safe da yamma, kuma ba a rushe ɗakin kowa ba kafin a shimfiɗa ta.

Da jikinki ya fara tsananta na je gaishe ki, kika ce in raka ki ki shiga ɗaya daga cikin motocin. Kika zauna kusa da taga, babu wanda ya san ki. Wata mai goyo da kaya suka yi wa yawa ta miƙo miki jaririnta, kika rungume shi, inuwar itatuwa na wucewa a kan fuskokinku. Kwandasta ya tambaye ki, "Mama, ina za ki sauka?" Kika ce, "Ko'ina ma, ɗana. Yawo na fito." Kafin mu kai tasha ta gaba barci ya ɗauke ku, ke da jaririn, tausayi ya hana ni tashinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kura-kuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Duk wanda ya isa gida da wuri ta wannan hanya ya tarar da 'ya'yansa ba su yi barci ba, Allah Ya sa ladan a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi haƙuri da taswirorin da suka cinye masa teburin cin abinci, da 'ya'yanki da jikokinki, da dukan abokan aiki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.