Bel ɗin Baba Soja

Ranar wata Juma'a a bazarar 1974, a gidanmu na Tsamaye, kakana ya kama ni dumu-dumu, hannuna cikin akwatinsa na ƙarfe. Irin gero ne a ciki, ɗan abin da ya rage mana bayan damina biyu sun wuce ba mu ɗaure dami goma ba. Shekaruna tara, yunwa ta cire mini kunya. Bai doke ni ba. Ya buɗe tafina, ya mayar da ƙwayoyin, ya ce, "Ɗiyata, soja ba shi cin guzurin gobe."

Baba Soja ake ce masa, don ya yi yaƙin Boma cikin sojan ƙasa. Idan mun dawo daga ɗibar ruwa yakan ba mu labarin bataliyarsu: yadda suka ƙetare teku, suka keta daji da adda, kaya bisa kai, ruwa na dukansu wata da watanni. Mu da muke tonon gidan tururuwa neman hatsi, dariya muke yi a ɓoye. Ina ƙasar da ruwa zai gundiri mutum?

Kullum da hantsi yakan ɗaure tsohon bel ɗinsa na soja, ya jera mu, ya auna wa kowa garin tallafi da gwangwaninsa. Idan Inna ta ce ina nasa, sai ya ce, "Na ci can bakin kasuwa." Maƙwabta suka yi binne, suka zuba irinsu a busasshiyar ƙasa, yayyafi ya yaudare su, tsiron ya ƙone. Shi ya ƙi. Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da ruwan gaske ya sauka, ya shiga gaba da sungumi, muna biye muna zuba iri muna takewa da diddige, yana kiran hagu-dama da muryar da ta dishe. Rabin unguwarmu a akwatin nan suka samu iri. Geron ya yi, amma Baba Soja ya rasu bai ga girbinsa ba.

Yau 'ya'yana suna barin tuwo a kwano, gonar kuwa tsoron 'yan bindiga ya hana mu zuwa. Bel ɗin yana wurina. Sai da na girma na lura da huda biyar da ya ƙara masa da ƙusa. Ashe babu abin da yake ci a bakin kasuwa.